Na saurari wasan rediyon da aka ce ya firgita Amurka a 1938, ga yadda na ji shi

Na daɗe ina jin labarin wasan nan na The War of the Worlds, wato yaƙin duniyoyi, wanda ake cewa ya sa Amurkawa sun fito titi da gudu suna zaton halittun duniyar Mas sun sauka, to satin da ya wuce dai na sauke shi a waya daga YouTube, bai ma ci min data sosai ba tunda murya ce zalla, kusan awa ɗaya ne. Na bari sai dare, an ɗauke wuta, na kwanta a tsakar gida na toshe kunnuwa da iyafis.

Asalinsa littafi ne na wani Baturen Ingila H. G. Wells da ya fito a 1898, a littafin a kusa da garin Woking na Ingila abin ya faru. Shi kuma Orson Welles, yaro ne ɗan shekara 23 a lokacin, shi da 'yan ƙungiyarsu ta Mercury Theatre suka ɗauko labarin suka dawo da shi Amurka, Howard Koch ya rubuta musu, aka watsa a gidan rediyon CBS daren Lahadi 30 ga Oktoba 1938. Sunan nasu kamar ɗaya amma ba su haɗa dangi ba, ni ma sai da ya rikita ni.

Farkonsa wallahi har na fara hamma. Rahoton yanayi, sai a ce bari mu kai ku wani otal a New York ku sha kiɗa, a saki kiɗan rawa irin na da can, can sai a katse a ce an hango wani abu kamar fashewa a duniyar Mas, a koma kiɗa, a sake katsewa a je hira da wani farfesa a Princeton wanda yake cewa ba komai ba ne ku kwantar da hankalinku. Ashe gadar zare ake shirya min. Domin duk wanda ya tashi da rediyo a gida ya san in aka yanke shiri a tsakiya aka ce ga labari da ɗumi-ɗuminsa to ba lafiya ba, babanmu har hannu yake ɗaga mana mu yi shiru, kuma da wannan sabon da kunne ya yi suka yi wasa.

Inda ya kama ni shi ne gonar Grover's Mill a jihar New Jersey. Ɗan rahoton, Carl Phillips sunansa a wasan, yana tsaye bakin ramin da wani abu mai kama da ƙatuwar gwangwani ya faɗo daga sama yana jin ta bakin mai gonar, mutumin ya ɗauko zance tun daga tushe shi kuma yana ta katse shi yana cewa ya matso kusa da makirfo ya ɗaga murya, 'yan sanda na korar jama'a, ana ta hon, sak yadda rahoton kai tsaye yake fitowa a hargitse. Sai murfin ya fara warwarewa da wata ƙara ta ƙarfe, abin da ke ciki, wato halittar Mas, ya leƙo, ya fara feso zafi mutane na kamawa da wuta ana ihu, yana tsaka da magana kawai sai ɗif. Shiru. Daƙiƙoƙi kaɗan ne amma sai da na zaro wayar na duba ko caji ne ya ƙare, na san wasa ne, na san an yi shi shekara sama da tamanin, duk da haka tsigar jikina ta tashi. Daga baya na karanta cewa Frank Readick da ya fito a wannan matsayin sai da ya yi ta sauraron faifan rahoton gobarar jirgin saman Hindenburg ta 1937 don ya kwaso rawar muryar nan, kuma gaskiya ta fito.

Daga nan abin ya ɗau gudu, sojoji 7,000 aka tura 120 suka tsira, wani minista ya yi wa ƙasa jawabi da murya kamar ta shugaba Roosevelt, sai na ƙarshen, ɗan rahoto a saman bene a New York yana lissafa titunan da baƙin hayaƙi ya cinye har ya iso kansa, tari ya sarƙe shi, ka ji faɗuwarsa. Sai wani mai 'yar rediyon oba-oba yana ta kira ko akwai wanda ya rage, ba amsa. Nan ya kamata a ce an tashi.

Amma ina, akwai kashi na biyu kuma shi ne ya rage masa maki a wurina. Bayan kusan minti 40 aka yi sanarwa cewa wasa ne, sai aka bar farfesan shi kaɗai yana karanto abin da ya rubuta, ya haɗu da wani soja mai surutu da burin mulkin duniya, a ƙarshe ya tarar halittun sun mutu da kansu, ƙwayoyin cutar duniyarmu ne suka kashe su tunda jikinsu bai saba ba. Dabarar ta yi, daga littafin take, amma yadda aka kawo ta kamar lacca, sau biyu barci na fizgata.

Batun firgicin kuma a rage gishiri. Wani kamfani da ya buga wa gidaje 5,000 waya a daren ya samu kashi 2 cikin 100 ne kawai suke kan tashar, da yawa suna tashar NBC wajen barkwancin Edgar Bergen, jaridu ne suka kambama abin. Eh wasu sun tsorata, kuma ban ga laifinsu ba, wata ɗaya kafin nan rediyo ke ta katse shiri kan rikicin Hitila da taron Munich, wasu ma sun ɗauka Jamusawa ne suka kawo hari. Ni da na tashi tsakar dare na yi wanka da ruwan gishiri a 2014 saboda kiran waya ɗaya kan Ebola ba ni da bakin yi musu dariya. Inda abin ya zama bala'i na gaske shi ne Kito babban birnin Ekwado a Fabrairun 1949, wata tasha ta maimaita dabarar da Sifaniyanci, da mutane suka gane wasa ne suka fusata suka cinna wa ginin wuta, aƙalla mutum shida suka mutu.

Washegari na nemo na tashar WKBW ta garin Buffalo na 1968, kuma ta wani fannin ya fi na Welles shiga jiki, su 'yan jaridar tashar na gaskiya suka saka, aka ba su ƙashin labarin kawai suka yi ta magana da ka, ana sakin waƙoƙi da talla kamar kullum, ba ka jin ƙamshin 'yan wasa ko kaɗan. Sai dai yana jan ƙafa kafin ya ɗau zafi, ni tsallake waƙoƙin na yi ta yi.

Na 1938 na ba shi 8 cikin 10. Sautin akwai shuu irin na tsohon faifai, Turancin ma na da ne kuma suna sauri, in kunnenka bai faye kamawa ba nemi rubutun wasan a intanet ka riƙa bi. Kar ka saka shi a sifika kana wanke-wanke. Ƙanena na ba wa ya ji da rana a shago, ya dawo min da cewa shi bai ga abin tsoro ba kiɗan ma ya fi burge shi.