Lamba mai bin jeri, UUID siga ta 4 ko siga ta 7: wacce ta dace da manhajar da ke aiki babu intanet?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka da kyau. Ka ce kana gina manhajar rubuta ciniki wadda wakilai da yawa za su riƙa amfani da ita a wayoyinsu, galibi a wuraren da babu intanet, sai daga baya su tura abin da suka rubuta zuwa sabar, wato babbar kwamfutar da ke tattara bayanan kowa. Ka ce a gwajin farko wayoyi biyu sun ba ciniki biyu daban-daban lamba 57, da aka haɗa bayanan sai ɗaya ya danne ɗaya, kuma kana so ka san ko ka ci gaba da lamba mai bin jeri ko ka koma UUID, wato doguwar lambar shaida da kowace na'ura ke iya samarwa da kanta, in kuwa UUID ɗin ne, siga ta 4 ko ta 7. Amsata a taƙaice ita ce siga ta 7 a matsayin babban mabuɗin tebur, wato lambar da ke bambanta kowane layi da sauran a teburin bayanai, tare da wata gajeriyar lamba daban domin mutane, amma ina so ka ga dalilan da kanka, domin akwai wuraren da sauran biyun suka fi ta.

Abin da ya raba ukun tun daga tushe shi ne wanda ke bayar da lambar. Lamba mai bin jeri tana buƙatar mai rabo guda ɗaya, wato rumbun bayanai, wanda yake tuna inda ya tsaya ya kuma ba na gaba lambar da ke biye. Muddin kowa yana zuwa wurinsa kafin ya rubuta wani abu, babu abin da ya kai ta sauƙi. Wayoyinka kuwa ba sa iya zuwa wurinsa a lokacin da ake cinikin, saboda haka kowace ta zama mai rabon kanta, kuma dole ne wata rana biyu su kai 57. Wannan ba kuskuren rubutunka ba ne, tsarin ne bai dace da yanayin ba. UUID an ƙirƙire shi ne musamman don a rabu da mai rabo: kowace na'ura tana samar da nata ba tare da ta tambayi kowa ba. Ya samo asali ne daga kamfanin Apollo Computer na Amurka a shekarun 1980, Microsoft ya ɗauke shi da sunan GUID, aka rubuta ƙa'idarsa a takardar ƙa'idojin intanet mai suna RFC 4122 a shekarar 2005, sannan RFC 9562 ta maye gurbinta a watan Mayun 2024, kuma ita ce ta kawo siga ta 6 da ta 7 da ta 8.

Kowane UUID yana da bit 128 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai, ko 0 ko 1), ana rubuta shi da alamomi 32 daga 0 zuwa 9 da a zuwa f, a rukuni biyar masu tsawon 8 da 4 da 4 da 4 da 12, kamar haka: 3f2b8c1e-9a47-4d06-b5e2-7c0a91d4f638. Alamar farko ta rukuni na uku ita ce ke nuna sigar, don haka da ka ga 4 a wurin ka san siga ta 4 ce. A cikinta, bit 6 ne kawai aka keɓe don bayyana siga da nau'i, sauran 122 duk ta hanyar ƙuri'a ake fitar da su. Siga ta 7 kuma tana farawa da bit 48 na lokaci, wato adadin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa da suka wuce tun daga 1 ga Janairun 1970, sai bit 6 na siga da nau'i, sai bit 74 da suka rage, waɗanda akasari ƙuri'a ce. Misalin da ke cikin RFC 9562 ɗin kanta shi ne 017f22e2-79b0-7cc3-98c4-dc0c0c07398f, kuma alamomi 12 na farko, idan aka fassara su, suna nuna ranar 22 ga Fabrairun 2022.

Na san fargabar da ke zuwa wa kowa a nan, domin ni ma na yi ta: idan ƙuri'a ce, me zai hana wayoyi biyu su fito da abu ɗaya? Lissafi ya nuna cewa kafin yiwuwar samun karo guda ɗaya ta kai rabi a siga ta 4, sai an riƙa samar da UUID biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa na tsawon kusan shekara 86. A siga ta 7 bit ɗin ƙuri'a sun fi ƙanƙanta, amma karo ba zai yiwu ba sai tsakanin biyun da aka samar a cikin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa guda, kuma duk da haka sai bit 74 sun yi daidai. Saboda haka a batun karo, sigogin biyu sun wadatar da kai, lamba mai bin jeri ce kaɗai ta faɗi. Inda haɗarin gaskiya yake shi ne tushen ƙuri'ar. Idan mutum ya zauna ya rubuta nasa injin UUID da Math.random na JavaScript, ko da wani injin ƙuri'a da ke farawa daga iri ɗaya duk lokacin da aka kunna manhaja, to lissafin shekara 86 bai shafe shi ba, kuma yana iya ganin karo cikin mako guda. Ina roƙonka kada ka rubuta naka. Yi amfani da abin da harshen rubuta manhajar ya zo da shi, kamar UUID.randomUUID a Java, ko crypto.randomUUID a JavaScript, ko uuid4 a Python.

Yanzu ga wurin da siga ta 4 da ta 7 suka rabu sosai, kuma nan ne nake so ka fi mai da hankali, wato halinsu a cikin fihirisar rumbun bayanai, jadawalin da rumbun ke dubawa don ya gano layi da sauri. Fihirisar da ake ɗora wa babban mabuɗi tana ajiye ƙimomi ne a jere, a cikin shafuka masu iyakataccen girma. Idan mabuɗin lamba mai bin jeri ce, kowane sabon layi yana sauka a shafin ƙarshe, wanda kullum yana nan a ƙwaƙwalwar sabar, kamar mai rubuta littafin bashi da ke ci gaba daga inda ya tsaya jiya. Idan siga ta 4 ce, sabon layi yana iya faɗawa ko'ina, a farko ko a tsakiya ko a ƙarshe, sai rumbun ya nemo shafin da ya dace, wataƙila daga faifai, in kuma ya tarar ya cika sai ya raba shi biyu. Lokacin da tebur yake ƙarami, duk fihirisar tana zaune a ƙwaƙwalwa, ba za ka ji wani bambanci ba. Matsalar tana bayyana ne ranar da fihirisar ta fi ƙwaƙwalwar girma, sai rubutu ya fara nauyi, kuma a lokacin canza babban mabuɗi aiki ne mai wahala ƙwarai. Siga ta 7, tun da lokaci ne a gabanta, sababbin layuka suna taruwa kusa da ƙarshe, ta yadda halinta ya yi kusa da na lamba mai bin jeri alhali ba ta buƙatar mai rabo.

Nauyin wannan batu ya danganta da rumbun da ka zaɓa, kuma ba ka faɗa mana wanne ne ba. A MySQL mai injin InnoDB, layukan tebur ɗin kansu ana jera su ne bisa babban mabuɗi, sannan kowace ƙarin fihirisa tana ɗauke da kwafin mabuɗin, don haka siga ta 4 tana cutarwa sau biyu a can, ta wajen warwatsewa da ta wajen girma. A PostgreSQL layuka ba sa bin jerin mabuɗi, fihirisar ce kaɗai ke shan wahalar, saboda haka abin ya fi sauƙi, ko da yake bai ɓace ba. PostgreSQL yana da gen_random_uuid mai bayar da siga ta 4 a cikinsa tun fitowa ta 13, sai fitowa ta 18 ta shekarar 2025 ta ƙara uuidv7. Python ma ya ƙara uuid7 a fitowa ta 3.14. Sai dai a naka aikin wayar ce za ta samar da lambar, ba sabar ba, kuma hanyoyin Java da JavaScript da na ambata a sama siga ta 4 suke bayarwa, don haka za ka buƙaci ƙarin laburare sananne mai bin RFC 9562, wato shiryayyen tsari da wasu suka rubuta wanda ake sakawa cikin manhaja.

A wajen girma, lamba mai bin jeri ce ta yi nasara ba tare da gardama ba: bayit 8 take ci (bayit ɗaya bit 8 ne) in nau'in babbar lamba ce da ake kira BIGINT, UUID kuwa bayit 16, ko wace siga ce. Kuskuren da na fi gani shi ne a ajiye UUID a matsayin rubutu mai alamomi 36. A tebur mai layi miliyan 10, mabuɗin kaɗai zai ci megabayit 80 a lamba, 160 a UUID da aka ajiye daidai, 360 a wanda aka ajiye kamar rubutu, ban da maimaicinsa a sauran tebura da fihirisoshi. PostgreSQL yana da nau'in uuid na musamman, a MySQL kuma ana amfani da BINARY mai tsawon 16 tare da UUID_TO_BIN da BIN_TO_UUID da suka zo a fitowa ta 8.0.

Sai batun abin da lambar ke tona wa wanda ya gan ta, kuma a nan siga ta 4 ce ke gaba. Lamba mai bin jeri tana faɗin yawan cinikinka: wanda ya sayi kaya ranar Litinin ya sami 1200, ya dawo ranar Juma'a ya sami 1450, ya san an yi ciniki 250 a tsakani. Da irin wannan lissafin ne ƙasashen ƙawance, Birtaniya da Amurka, suka kimanta yawan tankokin yaƙin da Jamus ke ƙerawa a Yaƙin Duniya na Biyu, daga lambobin jeri na waɗanda suka kama. Haka kuma duk wanda ya ga 1200 a adireshin shafi zai iya gwada 1201. Siga ta 7 ba ta faɗin adadi, amma tana faɗin lokacin da aka samar da ita, kamar yadda misalin 2022 ya nuna. Ga rasit na ciniki, wannan ba komai ba ne, tun da kwanan wata yana kan rasit ɗin. Ga lambar asusun mutum kuwa, ko wani abin da ba a so a san ranar buɗe shi, siga ta 4 ta fi dacewa, domin ba ta ɗauke da komai sai ƙuri'a. Siga ta 1, wadda aikin UUID na MySQL ke bayarwa, ta fi su duka surutu, saboda tana haɗa lokaci da lambar katin sadarwar na'urar, shi ya sa ban sa ta cikin zaɓinka ba. Ka kuma riƙe wannan da muhimmanci: ƙa'idar kanta ta yi gargaɗi cewa kada a ɗauki UUID a matsayin sirrin da ke ba da izini. Ko da wuya a canka shi, dole sabar ta duba ko wanda ya nemi rasit yana da hurumin ganinsa.

Akwai rauni ɗaya na siga ta 7 da ya shafe ka kai tsaye, wato agogon waya. Wayar da batirinta ya mutu ta dawo da kwanan wata na shekarun baya, ko wadda mai ita ya saita da hannu, za ta samar da UUID mai lokacin ƙarya. Lambar za ta kasance ta daban, ba za ta yi karo da kowa ba, amma za ta faɗa inda bai kamata ba a jeri. Haka ma wayar da ta yi kwana uku ba ta tura bayanai ba, layukanta za su faɗa kaɗan kafin ƙarshen jerin, abin da bai dami fihirisa sosai ba. Abin da nake jan hankalinka a kai shi ne kada ka dogara da lokacin da ke cikin mabuɗi wajen lissafin kuɗi ko rahoton rana. Ka ajiye lokacin da wayar ta ce an yi cinikin a gurbi ɗaya, lokacin da sabar ta karɓa a wani gurbin daban.

Wata fa'ida da sigogin biyu suke da ita, wadda lamba daga sabar ba ta da ita, za ta yi maka amfani fiye da yadda kake zato. A ce wakili ya tura ciniki, sabar ta karɓa ta ajiye, amma sadarwa ta yanke kafin amsa ta dawo. Wayar ba ta san an karɓa ba, sai ta sake turawa. Idan sabar ce ke ba da lamba, za ta ɗauka sabon ciniki ne ta rubuta shi sau biyu, kuɗi ya ninka a littafi. Idan kuwa wayar ce ta ba cinikin UUID tun lokacin da aka rubuta shi, sabar za ta ga ta riga ta san wannan mabuɗin, ta amsa cewa an karɓa ba tare da ta ƙara layi ba. Sharaɗin shi ne a samar da UUID sau ɗaya, a ajiye shi tare da cinikin a cikin wayar, kada a samar da sabo a kowane yunƙurin turawa.

Inda UUID ya gaza gaba ɗaya shi ne bakin mutum. Ba wanda zai karanta alamomi 32 ta waya ga mai shago, kuma ba wanda zai rubuta su a takarda ba tare da kuskure ba. Don haka kada ka jefar da lamba mai bin jeri, ka sauya mata aiki kawai. Ka ba kowace waya gajeriyar alama ranar da aka yi mata rajista, ta riƙa haɗa ta da jerin kanta, ta yadda 57 na wayar farko zai zama A3-57, na ta biyu kuma B8-57, kuma wannan ce za a buga a rasit. Idan hukuma ko mai binciken kuɗi yana buƙatar jeri guda ɗaya marar giɓi, sabar ta ba da shi a gurbi na uku bayan bayanan sun iso. Duk alaƙar da ke tsakanin tebura, kamar ciniki da kayan da ke cikinsa da biyan da aka yi, a ɗaura ta a kan UUID siga ta 7. Tun da har yanzu kana matakin gwaji, ka yi wannan sauyin kafin wakilai su fara rubuta ciniki na gaske, kuma ka faɗa mana rumbun da kake amfani da shi da harshen da ka rubuta manhajar wayar, domin mu duba laburaren da ya dace da su.