Kayan ƙafar tsohuwar mota a Ingila: a gyara ko a rabu da ita

'Yan uwa, a Ingila 'yar robar da ke rufe boljoyin (gaɓar ƙarfe mai kan ƙwallo da ke haɗa taya da kayan ƙafar mota), wadda ba ta kai tafin hannu ba, tana iya hana mota hawa titi. Kusan duk motar da ta cika shekara 3 sai an kai ta gwajin lafiyar mota da ake kira MOT kowace shekara, kuma doka ta ce kuɗin gwajin ƙaramar mota kada ya wuce fam 54.85. Ana ɗaga motar sama, mai gwaji ya shiga ƙarƙashi da fitila, ya jijjiga kowace taya, ya duba bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, ɗaya bayan ɗaya. In robar nan ta yage har ƙasa da ruwa na shiga, motar ta faɗi, ko da babu ƙarar komai. Dalilin a fili yake: giris ya fita, yashi ya shiga, boljoyin ya cinye, wata rana ya fice taya ta kwanta ana cikin gudu. Tun 2018 aibi kashi uku ne, ƙarami da babba da mai haɗari, kuma biyun ƙarshe faɗuwa ne. Babu roƙo, babu "a yi haƙuri zan gyara". Wanda aka kama yana tuƙi ba takardar gwaji, tararsa tana iya kai fam 1,000.

A nan ne mai tsohuwar mota yake tsayawa ya yi lissafi, domin kuɗin aiki da awa ake biya, kuma sau da yawa ya fi kuɗin kayan. Shi ya sa bakanike ba zai zauna yana matse tsohon bushin daga lowa'am, wato ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa, ba. Sabon lowa'am yake sawa gaba ɗaya, da bushin da boljoyin ɗinsa. Wallahi a wannan wuri ina kewar kanikawanmu, masu haƙurin ceto ƙarfen da ke da sauran rai. Amma fa ceto daban, ha'inci daban. Yanka tsohuwar taya a cusa a madadin bushin, ko yi wa lowa'am da ya tsage walda, ko dasa sifirin da ya karye, wasa ne da rayukan fasinja, kuma mun saba da shi har ba ma ganin laifinsa.

In za a gyara, a gyara da ƙa'ida. Shokozoba da sifirin bibbiyu ake canza su, dama da hagu tare, domin sabo a gefe ɗaya da gajiyayye a ɗaya gefen yana sa mota karkata a kwana da lokacin taka birki. In an sauke shokozobar gaba, a canza robar samanta da boris ɗin da ke ciki a lokaci guda, kada a biya kuɗin aiki sau biyu. Sifirin kuwa ba a kwance shi sai da na'urar matse shi. In ya kufce yana iya karya hannu ko fuska. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaure notin bushin alhali motar na rataye a kan jak. Sai an sauke ta nauyinta ya zauna a kan tayoyi sannan a ƙarasa ɗaurewa, in ba haka ba robar tana zama a murɗe, ta yage da wuri. Daga nan sai alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, wanda mu muke ɗauka almubazzaranci ne, har sai sabuwar taya ta cinye ta gefe ɗaya.

Abin da ke yanke hukunci dai tsatsa ce. A lokacin sanyi ana watsa gishiri a tituna saboda ƙanƙara, gishirin nan kuma yana cin ƙarƙashin mota ba tare da fenti na sama ya nuna komai ba. In tsatsa ta raunana ƙarfen jikin mota a cikin santimita 30 daga inda kayan ƙafa suke ɗaure, motar ta faɗi gwaji. Duk kayan ƙafa ana kwance su a sa sabbi, amma wurin da ake ɗaure su in ya ruɓe, walda ce bana, walda ce baɗi a wani gefen. Tsatsar tana kuma kama notuna, aikin awa ɗaya ya koma uku. Irin wannan mota a rabu da ita.

In kuwa ƙarƙashi lafiya lau, inji da giya ba su da matsala, ni ina ganin gyara ya fi, ko da kuɗinsa ya kusa darajar motar a kasuwa. Wadda za ka saya da wannan kuɗi ita ma tsohuwa ce, kayan ƙafarta sun yi irin wannan tafiya, kuma ba ka san cutarta ba. Kafin a yanke shawara, a sa lambar motar a shafin gwamnati na GOV.UK, kyauta ne, za a ga sakamakon gwaje-gwajenta na baya da gargaɗin da aka rubuta. In kalmar tsatsa tana dawowa shekara bayan shekara, a sa bakanike ya ƙwanƙwasa wurin a ga ƙarfen da ya rage kafin a sayi ko noti ɗaya.