Jama'ar Jidda masu harkar jita a yi hattara da mai sayar da "tsoffin kayan Amurka"

Salam ƴan uwa. Na so in yi shiru don kunya, amma jiya wani yaro a Makka ya kira ni yace shi ma an yi masa, to shirun ya ƙare.

Akwai wani mutum da yake shiga guruf guruf na WhatsApp na masu kiɗa, Hausarsa tas, ɗan uwa kaza ɗan uwa kaza, yace yana Dammam kuma yana sayen kaya hannun turawan kamfanin mai in za su koma gida. Wai tsoffin fikof na jita (abin da ke ɗaukar sautin igiya) da amfilifaya, wato amf mai ƙara sauti, masu kwalba (ƴan bututun gilashi da ake amfani da su kafin taransisto) na shekarun 1960. Sunansa ba zan rubuta ba don duk sati sabon suna yake sakawa da sabon layi, hoton kayan ne dai baya canzawa.

Ni gyaran AC nake a wajen Bab Makka, daren Juma'a muna haɗuwa da yaran Agadas da Damagaram a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, mu ɗan taɓa jita. Na daɗe ina neman sautin nan na rok na da, mai kauri wanda in ka danna igiya da ƙarfi sai ya ɗan yi gurnani, in ka sassauta ya dawo garau. Sai ga mutumin nan da hoton fikof guda biyu, yace PAF ne na asali, wato tsohon fikof na kamfanin Gibson, daga jitar Les Paul ta 1959, riyal 1800. Ai daga nan ya kamata in farka, don PAF na gaskiya guda ɗaya dubban daloli ake sayar da shi, amma kwaɗayi mabuɗin wahala, na ce ƙila baturen ne bai san abin da yake riƙe da shi ba. Ashe ni ne ban sani ba.

Ga wanda bai san harkar ba, fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi yake ɗaukar motsin igiya ya mayar da shi lantarki. PAF ɗin nan Seth Lover ne ya ƙera wa Gibson, ya fara fitowa a jitar Les Paul a 1957, naɗi biyu ne gefe da gefe don su kashe ƙugin nan da fikof mai naɗi ɗaya yake yi. Sunan kuma daga ƴar sitikar da ke ƙasansa ne, Patent Applied For. To sitikar nan kowa zai iya buga ta, a intanet ma ana sayar da ita a fili. Nawa da suka iso sitikar har da ƴar tsufa aka yi mata, kamar an jiƙa ta da shayi.

Allah ya so ni sana'ata ta mita ce. Na ɗora mitar auna lantarki a kai sai na ga 14k, wato ohm dubu 14 na naɗin wayar. PAF na da wajen 7 zuwa 9 yake bayarwa, 14 na masu kiɗan metal ne. Na duba wayar, launi huɗu cikin baƙar roba, alhali na asali waya ɗaya ce da saƙar ƙarfe a bayanta. Na narkar da dalma na cire murfin, ciki duk kakin zuma ko'ina, su kuwa na da ba a tsoma su a kaki. Sannan maganaɗisun, baƙi ƙirin kamar gawayi, siramik kenan. Na da alnico ne, wani haɗin ƙarafa, kalar ƙarfe gare shi kuma in ka ɗora masa bakin mita biyu zai yi ƙara don wuta na bi ta cikinsa, siramik kuwa shiru kake ji. Nawa shiru, nima na zauna na yi shiru a shago har Bangalin da muke aiki tare ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Wannan ma da sauƙi. Kafin fikof ɗin su iso ya riga ya ja ni kan amf, wai Fender Deluxe Reverb ta 1965, ya turo bidiyo kwalabe suna ja a duhu, yace mutum uku na layi in ina so in tura kafin alƙalami riyal 700. Na tura, kuma asusun da ya bani sunan wani ne daban, yace na kafilinsa ne, wato uban gidan da ya tsaya masa a ƙasar. Wannan kalmar ita take kashe mu anan, don kowa ya san yadda zaman yake sai ka ce to ai haka ne.

Ni amf bata zo ba. Yaron Makka shi tashi ta zo, gara ma ni. Ya biya 2500, da ɗan kawo saƙo ya miƙo masa kwalin da hannu ɗaya ya karɓa. Deluxe Reverb ta gaske ta kai kilo 19, taransfoma ne a ciki masu nauyi da sifika inci 12, wat 22 take bayarwa da kwalabe 6V6 guda biyu. Tashi da muka leƙa bayanta ƙaramin allon taransisto ne, kwalaben an dasa su kawai ba waya ko ɗaya da ta shiga ƙafarsu, a ƙarƙashi an saka ƴan fitilun LED ruwan lemo. Minti ashirin tana kunne ka taɓa kwalba sanyi ƙalau. Kwalba mai aiki sai ta ɗan jima kafin sauti ya fito, kuma in ta ɗau zafi baka iya riƙe ta. Mai kayan ma ya ce masa a jona kai tsaye a bango, amf ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka 120 take sha, mu nan yawancin gidaje 220 zuwa 230 ne, da ta gaske ce da tuni ta yi hayaƙi.

Don Allah kuma kar wani ya karanta wannan yaje ya zura hannu cikin amf mai kwalba yana bincike, kafasito ɗinta suna riƙe sama da bolt 400 ko an zare ta daga wuta. Ku kai wa mai gyara. Shi zai duba lambar da ke bayan maɓallan juyawa, in ya ga 137 6512 misali, 137 kamfanin CTS ne, 65 shekara, 12 sati. Ku ce da mai kaya ya ɗauko hoton wannan da hoton mita a kan fikof tare da takarda mai kwanan watan yau. Namu mutumin da aka tambaye shi cewa yayi haba ɗan uwa, ba yarda tsakaninmu ne?

Abin da ya fi bani haushi, sautin da nake nema bai buƙatar kayan 1959. Wani abokinmu yana da sabon fikof na Seymour Duncan mai alnico da ƴar amf mai kwalba wat 15 mai kwalaben EL84, irin ta gidan Vox, ya rage gen, maɓallin da ke sa gurnani, ya ƙara murya har ta fara karyewa da kanta, wallahi shine sautin. Ita kanta amf ɗin Marshall JTM45 ta 1962 da ake ta yabo kwaikwayon Fender Bassman ce. Duk kuɗin kayan abokin namu bai kai abin da ni da yaron Makka muka zubar ba in an haɗa, kuma a shago ya saya ya gwada da jitarsa kafin ya biya.

Mutumin nan ya san wasu cikinmu iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta mutu ko babu ma gaba ɗaya, ya san ba za su je wajen shurɗa, wato ƴan sanda, ba, shi yasa mu yake bi. Ni tawa lafiya lau, na sanar da banki na kuma kai ƙara ta manhajar ƴan sanda ta Kulluna Amn da hotunan hirarmu da rasit. Duk wanda ya tura masa kuɗi yana tsoron fitowa ya same ni ta inbox mu haɗa da nawa. Shekaranjiya an ganshi a wani guruf na Riyad, yanzu wai a Jubail yake, Marshall yake tallatawa mai wat 100, kuma kafet ɗin da ke cikin hoton shine dai jan nan mai ƙonewar dutsen guga a gefe.