Waya ko iPad mini: wanne za ka ɗora wa rimot ɗin jirginka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a sabon jirginka maras matuƙi (drone) mai ɗaukar hoto, ya kai shi ya dawo da shi lafiya. Ka tambaye ni abin da za ka saya ka ɗora wa rimot ya zama allonka. Tunda Mini 3 Pro na kamfanin DJI ne mai rimot RC-N1, wanda ba shi da allon kansa, kuma tsakanin iPad mini da waya kake ta kai-kawo, to waya za ka saya. Waya ta biyu, wadda ba za ka taɓa saka mata layi ba. Na fara da hukuncin ne don na san mutanenmu, ba kowa zai karanta har ƙasa ba.

Ni Air 2S nake tashi da shi, rimot ɗinmu iri ɗaya ne da naka. Wayar da ke kansa Samsung Galaxy S21 Ultra ce, ta hannu na saye ta, bayanta ma a tsage yake. Ranar da ta shiga raina ba zan manta ba. Cikin watan Afrilu ne, wani Alhaji mai noman shinkafa a wajen Kura ya ce in zo in ɗauko masa gonarsa ta sama, yana zargin akwai fangalolin da ruwan kanal ba ya kai musu yadda ya kamata. Muka yi da shi ƙarfe bakwai na safe. Ka san alƙawarin manya: sai sha ɗaya da rabi muka sauka daga mota. Filin noman rani kuwa ko bishiyar da za ka raɓa babu, rana ta sama, ƙyallin ruwa ta ƙasa. Haka na tsaya na ƙone batir uku a jere. A na farko da na biyu ina ganin komai tsaf, har inda ganyen shinkafa ya fara rawaya, har wayar wutar da ta ratsa gefen gonar, wadda ita ce babban abin tsorona. A na uku wayar ta yi zafi ta ɗan rage haske, na juya wa rana baya, yaron Alhaji ya riƙe mini lema, muka ƙarasa. Manhajar jirgin ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Alhaji ya ga fangalolinsa shida da ke jin ƙishirwa, ni kuma na koma gida da buhun shinkafa bayan kuɗin aiki.

A ƙasar nan haske ne kan gaba, girman allo na baya. Da abin da ake kira nit ake auna hasken allo. iPad mini 6 da ta fito a 2021 iyakarta nit 500, wadda ta biyo bayanta a 2024 ma 500 ɗin ce. S21 Ultra kamfaninta ya ce tana kai 1,500, iPhone 14 Pro kuma 2,000 a tsakar rana. Kar manyan lambobin nan su ruɗe ka, ƙololuwa ce ta ɗan lokaci, allo ba ya zama a kanta. Amma ko da zafi ya sa wayar ta sauko, daga sama take saukowa. Mai 500 kuwa tun kafin ta rage kana ƙanƙance ido, in ta rage sai ka riƙa ganin fuskarka da hularka a maimakon abin da jirgi yake gani. Su Apple da kansu sun rubuta cewa a yi amfani da kayansu tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu Kano tana haura 40. Waya ma tana jin wannan zafin, ba ƙarfe ba ce, sai dai ƙarama ce: inuwar jikinka kaɗai tana rufe ta, ko ka yanka kwalin sabulu ka yi mata rumfa. Bidiyoyin da kake gani na Turawa riƙe da iPad suna yaba ta, duba sararin samaniyarsu da kyau, yawanci hadari ne.

Sai zancen zama. Maƙalin RC-N1 an yi shi ne don waya, faɗin da yake ɗauka bai wuce milimita 86 ba, kauri 10. iPad mini faɗinta ya kusa 135. Dole ka sayi wani maƙali na daban ka ɗaura, ka nemi igiya mai tsawo domin gajerun da suka zo a kwali ba za su kai ba. Kuma eriyar rimot ɗin a jikin wannan maƙalin na sama take, in ka samu maƙalin tablet maras kan gado sai ya zauna mata a gaba. Nauyin iPad mini 6 giram 293 ne, ta fi jirginka da bai kai 249 ba. Wayata ma ba ta da wani sauƙi can, amma tana zaune daram a inda aka tanadar mata, ba ta rinjayar hannu gaba. Dalilin sayen ƙaramin jirgi ai shi ne ka zaro daga jaka ka tashi cikin minti biyu kafin ayarin ango ya wuce. In sai ka tsaya ɗaure-ɗaure, me aka yi ke nan?

Akwai kuma wani abu da masu shago ba sa faɗa, wasu ma ba su sani ba. iPad mai Wi-Fi kaɗai ba ta da GPS, sai mai ɗaukar layi ce ke da shi. Shi kuma RC-N1 da na na'urar da ka jona masa yake dogara wajen sanin inda kake tsaye. Jirgin yana da nasa, zai koma inda ya tashi ba matsala. Amma in kana bin dawakai ko kana bayan mota a buɗe, kana so ka sauya masa wurin dawowa zuwa inda ka kai yanzu, ko ya faɗa cikin gonar dawa kana bin taswira kana nemansa, a nan za ka gane. Kowace wayar kirki tana da GPS ko babu layi a cikinta.

Ita tablet ban hana ta haƙƙinta ba: allon inci 8.3 yana da daɗi in mai aiki ya tsaya a kafaɗarka yana so ya gani, kuma ka fi gane ko hoto ya fita tas. Iyakarta ke nan.

Ina jin haushinta ne don an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. Lokacin ina da Mini 2, na ga wata tablet mai inci goma a wani shago, sunanta ma ban taɓa ji ba, kwali ya ce RAM 8GB, ma'ajiya 256, kuɗin kuma kamar kyauta. A ɗaki ta yi aiki. Ranar wani ɗaurin aure, jirgi na saman masallaci jama'a na fitowa, hoto ya daskare, manhaja ta rufe kanta, allo ya yi baƙi. Allah ya taimake ni na san cewa rimot shi ke tuƙi, allo kallo kawai yake ba ka, sai na danne maɓallin dawowa gida na riƙe har ya fara ƙara, na bi jirgin da ido ya sauka. Ka riƙe wannan ko da wace na'ura za ka saya. Da na kai wa mai gyara ya duba, ashe RAM ɗin 2GB ne, an shirya ta ne ta riƙa nuna ƙarya. Na koma wa mai shago, ya ce ai na riga na yage leda. Yanzu yara ke kallon katun da ita. Araha dai ba ta ado.

Dalilin da na ce kar ka saka layi: kafin in ware waya ta musamman, da wayar aljihuna nake tashi. Wata rana jirgi ya yi nisa sai ga kiran Hajiya ya rufe allo. Wa zai katse wa mahaifiyarsa kira? Na tsaya ina ta rawar hannu, ban ɗaga ba, ban katse ba, da daddare kuma na sha faɗa. Ga saƙonnin WhatsApp da ke faɗowa, ga hotunan biki sun cika ma'ajiya, ga manhajoji ashirin suna cin batir a ɓoye suna ƙara zafi. Wayar jirgi DJI Fly, wato manhajar jirgin, kawai za a sa mata. Kafin ka fita ka kunna mata intanet daga babbar wayarka, ka buɗe taswirar wurin da za ka je ta sauka, sannan ka kashe. Ka hana ta sabunta kanta da kanta, kuma kar ka sabunta komai a daren jajiberin aiki. Ka cire mata riga in za ka maƙala ta, riga na riƙe zafi. Rimot ɗin yana ɗan cajin wayar Android yayin da kake tashi, don haka ka fita da shi a cike.

Android ko iPhone? Duka suna yi. iPhone ta fi sauƙin sha'ani, manhajar na nan a App Store, kuma nau'ukanta kaɗan ne shi ya sa ba a cika samun saɓani ba. In ita za ka saya, daga 13 Pro zuwa sama. Amma ni Android zan ce maka, saboda jirginka. Hanyar da DJI ta buɗe wa masu manhajojin waje don Mini 3 Pro ta Android ce kawai, to in wata rana aikin auna gona ko fili ya zo maka kana buƙatar irin su Dronelink su zana wa jirgi hanya ya bi da kansa, ƙofarka a buɗe take. Sai dai DJI Fly ba ta kan Play Store. A shafin DJI na intanet za ka sauke ta, can kaɗai. Kar ka yarda wani yaro a shago ya tura maka tasa ta Xender, ba ka san me aka cusa a ciki ba. Kuma sai waya mai tsarin 64-bit take hawa. Ƙananan wayoyin nan masu Android Go da yawansu 32-bit ne ko da sababbi ne fil a leda, za ka yi ta dannawa tana ƙin shiga. Shi ya sa tsohuwar babbar waya ta fi sabuwar ƙarama a wannan aiki. Ka nemi mai RAM 6GB zuwa sama, mai bakin USB-C.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba. Kasuwar wayar hannu akwai mutanen kirki, akwai kuma waɗanda za su rantse maka da abin da bai kamata ba. Babbar cutar ita ce canjin allo. Waya ta fashe, an cire na asali an sa kwafi, a cikin shago ƙarƙashin fitila ba za ka bambance ba, amma hasken da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. Saboda haka ka fito da ita waje ka tsaya a rana. In mai shago ya hana, ka ba shi kayansa. A Samsung ka danna *#0*# ka duba ja da kore da shuɗi, ka ga ko akwai tabo ko inuwar tsohon rubutu, ka gwada taɓawa a kowane lungu. Ka danna *#06# lambar shaidar wayar (IMEI) ta fito, ka gwada ta da ta rasit. Na biyu bakin caji: akwai wanda yake caji lafiya amma ba ya wuce da bayanai, ko yana yankewa in an ɗan motsa igiya. Wannan a sama yana nufin hotonka ya ɗauke. Maganinsa ka jona rimot a gabansa, ka kunna jirgi ba tare da ka tashe shi ba, ka ga hoto ya fito, ka girgiza igiyar, ka bar ta minti goma ka taɓa bayanta.

Ka sa a goge wayar gaba ɗaya a gabanka, ka shiga da asusunka. In ta nemi asusun wani, Google ne ko iCloud, ka tashi. Ka yi hattara da wayoyin bashi na biya-kaɗan-kaɗan, wanda ya karɓa yakan sayar kafin ya gama biya, bayan sati biyu a rufe ta daga nesa tana hannunka. Amma wadda aka kulle wa layin wata ƙasa, wadda kowa ke gudu, kai ba ruwanka da layi, ita ce ma garaɓasarka in dai da rasit kuma ba ta sata ba ce. Ka taya da ƙarfin gwiwa. In kuma zuciyarka ta nace sai iPad mini 6, ka ga ramin layi a gefenta da idonka, don ana sayar da mai Wi-Fi a kuɗin mai layi.

Wani zai ce me ya hana ka sayi rimot ɗin DJI RC kawai, mai allon inci 5.5 a jikinsa. Yana aiki da Mini 3 Pro, haskensa nit 700 ne, ba igiya ba ɗaure-ɗaure. In biki da suna kawai za ka riƙa ɗauka, ba laifi, abu ne mai kyau. Sai dai ba a sa masa manhajar waje, kuma ranar da ka sayar da jirgi ba shi da wani amfani, waya kuwa ko ƙanenka ka ba.

Ka nemi S21 Ultra ko S22 Ultra mai allon asali, tsagewar baya ba ta hana komai, ragin kuɗi ma za ta jawo maka. Ka je kasuwa bayan azahar, rimot da jirgi a jaka, batir a cike. In ka tsayar da rana ka yi mini magana, in ina gari sai mu je tare.