Babur Mai Ƙafa Huɗu Na Aikin Gona: Mai Fawar Sitiyari Ko Marar Ita?

Duk wanda ya je duba babur mai ƙafa huɗu, irin wanda manoma da masu garken dabbobi ke aiki da shi a Amurka, Kanada da Ingila, zai tarar ana yin yawancin samfuran iri biyu. Inji ɗaya, jiki ɗaya, amma ɗayan an manna masa haruffa uku, EPS, kuɗinsa kuma ya ɗara na ɗan'uwansa da ɗaruruwan daloli, wani lokaci har ya kusa dubu. Haruffan na nufin an sa masa fawar sitiyari ta lantarki. Kamfanin Can-Am yana rubuta DPS a kan nasa, amma aikin ɗaya ne.

Yamaha ce ta fara kawo ta, a kan Grizzly 700 samfurin 2007. Daga nan Honda, Suzuki, Polaris da Kawasaki suka bi sahu. Ba irin ta tsofaffin motocinmu ba ce mai famfo da mai da bel. Wani ɗan inji ne na lantarki a jikin sandar sitiyari, da na'urar da ke jin ƙarfin da hannunka ya sa, da ƙaramar kwamfuta mai lura da gudun babur. Idan kana tafiya a hankali sai ta ƙara maka ƙarfi sosai, idan ka ɗauki gudu sai ta rage, don kada kan babur ya yi sakwa-sakwa a hannunka.

Masu talla sun fi magana a kan sauƙin juyawa, ni kuwa ba can na ga babban amfaninta ba. Babur mai ƙafa huɗu ba shi da sitiyari mai zagaye irin na mota, kan babur ne da shi, kuma sanduna ne kawai tsakaninsa da tayoyin gaba. Duk abin da taya ta daka, kututture ne, dutse ne ko bakin rami, bugun yana hawowa kai tsaye ya fizgi hannun matuƙi. Fizgar nan tana gurɗa wuyan hannu da babban yatsa, tana kuma iya karkatar da babur inda ba a nufa ba kafin mutum ya farga. Fawar lantarki tana shanye mafi yawan wannan bugu tun bai iso hannu ba. Manomin da zai riƙa ratsa kunyoyi a gicciye, ko ya bi hanyar da shanu suka tattake da damina ta bushe ta zama gargada, shi ne zai fi kowa sanin darajarta, domin a irin wannan wuri bugun ba ya yankewa daga safe har yamma. Gajiyar kafaɗa da dantse ba ƙaramin abu ba ce ga mai aiki da inji. Hannun da ya gaji shi ne ke sakin sitiyari a lokacin da bai kamata ba.

Sai maganar nauyi. Manyan baburan nan, irin su Grizzly 700, Suzuki KingQuad 750 da Polaris Sportsman 570, kowanne yana kai kilo 300 ko fiye kafin a ɗora masa komai. Mazaunin kaya na gaban Grizzly yana ɗaukar kilo 50, wato buhun taki guda cur, kuma nauyin a kan tayoyin da kake juyawa yake sauka. Tayoyin faffaɗa ne, iskarsu kaɗan ce, wajen psi 5, saboda haka suna kama ƙasa sosai. Ka sa babur a giyar ƙafa huɗu, sannan ka kulle tayoyin gaba su riƙa juyawa tare don fita daga laka ko yashi, nan ne marar fawa yake nuna halinsa: sai ka sa ƙirji da kafaɗa kafin kansa ya karkata. Wanda zai riƙa ja da baya da tirela cikin rumbu ko garke, ko yin feshi a hankali yana juyawa a ƙarshen kowane layi, wannan kokawa zai yi ta yi yini guda. Haka nan idan dattijo ne zai riƙa hawa, ko mace, ko mai ciwon kafaɗa, ban ga dalilin yin jayayya a kan ƙarin kuɗin ba.

Akwai kuma wanda bai buƙace ta ba. Honda Recon, mai inji cc 229, tayoyin baya kawai ke ja, nauyinsa wajen kilo 200, ba a ma yin sa da fawa, kuma babu abin da ya rasa. Wanda aikinsa zagayen gona ne a fili mai laushi, awa ɗaya ko biyu, ba kaya a gaba, ya riƙe kuɗinsa ya sayi tayoyi masu kyau da hular kwano.

Matsakaitan ne ke sa mutum tunani, irin su Honda Rancher 420, Foreman 520 da Yamaha Kodiak 450, waɗanda ake samu da fawa da kuma babu. A nan ƙasar da za ka bi ita ce alƙali, ba girman inji ba. Ka kuma duba takardar kayan da kyau, don sau da yawa bambancin farashin ba na fawa kaɗai ba ne, kamfani kan haɗa ta da wasu ƙarin kaya a samfuri ɗaya. Can-Am ma tana ba da matakai uku na ƙarfin taimakon, matuƙi ya zaɓi wanda ya yi masa.

To ina aibinta? Tana ƙara ɗan nauyi, tana rage jin ƙasa a hannu, abin da wasu tsofaffin matuƙa ba sa so. Babban abin dai shi ne ta dogara da lafiyar batir da caji. Batir ya yi sanyi, ko an daɗe ana jan kaya da injin naɗe igiya da ake ɗaurawa a gaban babur, sai ta ɗauke. Ruwa da laka idan suka shiga mahaɗar wayoyi su ma suna kashe ta. Idan ta ɗauke babur ba ya tsayawa, sitiyari yana nan yana aiki, sai dai ya koma mai nauyi. Gyara ne matsalar. Manomi a Amurka dila na kusa da shi. Wanda ya shigo da na hannu zuwa gonarsa a Kano ko Maraɗi kuwa, idan injin fawar kansa ya mutu, yawanci ba buɗewa ake a gyara ba, sabo ake sawa, kuma sai an yi odarsa daga waje da kuɗi mai tsoka. Abin da ke kwantar da hankali shi ne, sau da yawa laifin na batir ne, ko fis, ko wayar da ta yi tsatsa, waɗanda mai wayarin na gari zai iya ganowa. Don haka nisa da dila bai isa ya hana ka saye ba, amma ya isa ya sa ka fifita kamfanin da kayan gyaransa ke samuwa, irin Honda da Yamaha.

Ana sayar da fawar da ake ɗaurawa daga baya, kamar EZ-Steer na kamfanin SuperATV. Tana aiki, amma idan ka haɗa kuɗinta da na ɗauri, da wuya ka ci riba a kan wadda kamfani ya sa tun farko. Ga wanda ya riga ya mallaki babur take da amfani.

Wani abu da bai kamata a ruɗe a kansa ba: fawa ba ta hana kifewa. Kifewa ce ke kashe mutane da yawa a kan waɗannan babura, shi ya sa Ostireliya ta wajabta sa ƙarfen kariya, mai hana babur danne matuƙi idan ya kife, a kan sababbin baburan aiki tun Oktoban 2021. Sauƙin sitiyari kan sa mutum ya sha kwana da gudun da ya wuce kima, musamman da tankin feshi a baya ruwa na tangaɗi.

Idan na hannu za ka saya, murɗa makulli ka ga fitilar fawa ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta ne don ɓoye matsala. Juya kan babur dama da hagu yana tsaye, taimakon ya zama daidai a ɓangarorin biyu, ba ƙara, ba tsalle. Girgiza tayoyin gaba ka ji ko sandunan sitiyari sun yi lako-lako, domin fawa tana ɓoye wannan lalacewa daga hannun matuƙi. Ka sa a auna batir da caji inji na aiki, ka leƙa mahaɗar wayoyi ko akwai busasshiyar laka a ciki, alamar babur ya taɓa nutsewa. Idan mai sayarwa ya yarda, ɗora buhu a gaba, sa giyar ƙafa huɗu, ka yi 'yan zagaye a ƙasa mai gargada kafin ku zauna ciniki.