Na'urar TENS ko magani bayan tiyatar haihuwa? Amsa ga 'yar'uwar da ta tambaya

Assalamu alaikum. Wata 'yar'uwa a cikinmu ta kawo tambaya. An sa mata ranar aiki, kuma wannan ne karo na biyu da za a ciro mata jariri ta tiyata. A na farko, allurar kashe zafin da aka riƙa yi mata ta sa ta jiri da amai da yawan barci, har riƙe jaririn ya gagare ta a kwanakin farko. Yanzu yayarta da ke Ingila ta ce za ta aiko mata da 'yar na'urar nan mai batir da ake kira TENS, shi ne take son sanin ko za ta iya dogara da ita ta bar magani gaba ɗaya, don tana tsoron abin da zai bi ta nono.

'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ki karɓi na'urar, tana da amfani, amma kada ki ajiye magani saboda ita. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Na'urar ba ta wuce girman wayar hannu ba. Tana da wayoyi da 'yan faci biyu ko huɗu masu mannewa a fata, ta cikinsu ne wuta kaɗan ke shiga, ki ji wurin yana zir-zir ba tare da zafi ba. Tushen aikinta bayani ne da masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka fitar a 1965. Sun ce saƙon zafi ba ya zarcewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya ratsa wata ƙofa a cikin lakar gadon baya, kuma idan jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon taɓawa suna aiki sosai, ƙofar nan takan tsuke. Shi ya sa in mutum ya buge ƙwauri, hannunsa ke kai wa wurin ya hau murzawa tun kafin ya yi tunani. Na'urar wannan murzawar take yi ba gajiya. In an sa ta a bugu mai sauri, kamar 80 zuwa 120 a daƙiƙa, ƙofar take tsukewa. In an sa ta a hankali, bugu 2 zuwa 10, takan zaburar da jiki ya fitar da nasa sinadarin rage zafi.

Magani kuwa cikin jini yake shiga. Farasitamol yana rage jin zafin daga ƙwaƙwalwa da laka. Ibuprofen da diclofenac suna hana jiki sarrafa sinadarin da ke kawo kumburi da murɗawar mahaifa, wato suna taɓa tushen ciwon ne a inda aka yanka. Na'ura ba ta rage kumburi ko kaɗan, saƙon kawai take tarewa a hanya.

Daga nan ne bambancin ƙarfinsu ya taso. Tiyatar haihuwa babban aiki ne: an yanka fata, an ratsa kitse da tantanin da ke rufe naman ciki, an buɗe mahaifa, an ɗinke. A yinin farko da na biyu, da zarar allurar baya da ake kashe ƙasan jiki da ita don aikin ta sake ki, babu na'urar da za ta riƙe wannan zafin ita kaɗai. Binciken da aka yi a kan matan da aka yi wa aiki, yawancinsa a kan mata kaɗan-kaɗan ne, ya nuna cewa waɗanda aka haɗa musu na'urar da magani sukan ji sauƙi fiye da masu magani kaɗai, wasu kuma buƙatarsu ta allura mai ƙarfi ta ragu. A 2021 wani kwamitin likitocin tiyata da na sa barci a Turai mai suna PROSPECT ya fitar da shawarwarinsa kan kashe zafi bayan wannan aiki. Abin da ya sa a gaba shi ne ɗan maganin morphine, mai kashe zafi mai ƙarfi, a cikin allurar baya, sai farasitamol da dangin ibuprofen a kan lokaci. TENS ta shigo ne a matsayin ƙarin taimako, haka ma ɗamarar ciki.

Lokacin aikinsu ma ya bambanta. Na'ura tana fara aiki cikin 'yan mintuna, amma da kin kashe ta sauƙin ba ya daɗewa. Ƙwaya sai ta ɗauki kamar rabin awa zuwa awa guda kafin ki ji ta, sannan ta riƙe ki na awa 4 zuwa 6 ko fiye. Barcin dare na magani ne. Na'ura kuma ta dace da lokutan da kin san zafi zai taso: za ki sauko daga gado karon farko, za ki je banɗaki, za ki ba da nono.

Maganar nono ita ce ta fi damunki, kuma kina da gaskiya da kika damu. A nan na'ura ta yi zarra, domin babu abin da take sakawa a jini, ba ta sa barci, ba ta sa amai, ba ta ɗaure ciki. Sai dai magungunan ba kansu ɗaya ba, kuma kuskure ne a haɗa su a tsoro ɗaya. Farasitamol da ibuprofen kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono, shi ya sa su ne zaɓin farko ga mai shayarwa. Waɗanda ake kaffa-kaffa da su dangin kodin da tiramadol ne. Hanta tana mayar da kodin ya zama morphine, kuma akwai mutanen da hantarsu ke yin haka da sauri fiye da ƙima, halin da aka samu da yawa a wasu al'ummomin Afirka kamar Habasha. Idan uwa tana cikinsu, jariri zai iya samun abin da ya fi ƙarfinsa, ya yi ta barci, ya ƙi kama nono, numfashinsa ya yi rauni. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada mai shayarwa ta sha kodin ko tiramadol. Allurar pentazocine da ake yawan yi a asibitocin Najeriya bayan aiki ita ma an san ta da jiri da amai da barci, irin abin da kika kwatanta. To burinki, a ganina, bai kamata ya zama rabuwa da magani ba. Ya zama rage buƙatar waɗannan masu ƙarfin, ta hanyar shan masu sauƙin a kan lokaci, ki ɗora na'ura a kai.

Na ce a kan lokaci, kuma wannan ne wurin da mata da yawa ke cutar kansu. An saba yabon mai jego da dauriya, a ce wance ko uhm ba ta ce ba. Sai mace ta ƙi shan magani har zafi ya kai ta maƙura, alhali zafin da aka bari ya yi ƙarfi ya fi wuyar saukarwa, a ƙarshe allurar da take gudu ita za a yi mata. Kuma wadda zafi ya ɗaure a gado ba ta tashi ta taka, ba ta iya tari, ba ta iya gyara zama ta shayar. Rashin motsi bayan aiki yana jawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, abin da kan iya kashewa. Babba yakan sha farasitamol giram 1 duk bayan awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, kuma ki lura da yawa daga magungunan mura da ake saya a kemis akwai shi a ciki.

Akwai wani ciwon daban da na ɗinki: murɗar mara lokacin da mahaifa ke komawa mazauninta. Yakan tsananta in jariri ya kama nono, ya fi damun wadda ta taɓa haihuwa, yakan lafa bayan kwana 2 zuwa 3. Tunda wannan ba haihuwarki ta farko ba ce, ki sa ran sa. Ibuprofen yana yi masa kyau, kuma a nan na'ura ma tana da rana, ki kunna ta kafin ki ɗora jariri a nono.

Kowannensu yana da wanda bai dace da shi ba. Ibuprofen da diclofenac ba a ba mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, ko wadda ta zubar da jini da yawa, ko mai asma da irin waɗannan ke tayar mata, kuma likita kan yi taka-tsantsan da su ga wadda hawan jinin ciki ya yi wa tsanani. Na'ura kuma haramun ce ga mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji. Mai farfaɗiya ko matsalar bugun zuciya kada ta taɓa ta sai likita ya amince. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yawaita a arewacin Najeriya fiye da yawancin sassan duniya.

Wajen mannawa, ba a ɗora facin a kan ɗinki ko bandeji. Ana sa su a lafiyayyar fata, nesa da yankan kamar faɗin yatsu uku, sama da ƙasa ko gefe da gefe, ko a ƙugu ta baya saboda murɗar mara. Ki jira allurar baya ta sake ki tukuna. Fatar da ke kusa da yankan takan mutu na makonni, in kin taɓa ba ki ji ba, kada ki manna a nan, don za ki yi ta ƙara ƙarfi ba ki sani ba. Ki ƙara a hankali har ki ji ta sosai amma ba zafi, naman ciki kuma bai kamata ya riƙa zabura ba. Minti 20 zuwa 30 ya isa, a maimaita in an buƙata. Ba a sa ta a wuya ko ƙirji, ba a barci da ita, ba a shiga wanka da ita. Su Inna masu wankan jego su san wannan, su kuma san cewa wadda aka yi wa aiki ba a dukan cikinta da ganye da tafasasshen ruwa.

Ki gaya wa Yaya ta haɗo da ƙarin faci, domin zufa da zafin ƙasarmu na saurin kashe musu danƙo, ta kuma tabbatar TENS ce ta saya. Akwai bel ɗin rage tumbi da na'urorin tausa masu kama da ita a kasuwa, waɗanda aikinsu matse nama ne da ƙarfi, kuma ba a ɗora su a kan sabon ɗinki. Ta wannan fuskar magani ya fi sauƙin samu da arha, ko wane kemis akwai shi.

A awon da ya rage miki, ki je da na'urar ki nuna wa likitanki. Ki faɗa masa abin da allurar ta yi miki a karon farko, ki tambaya ko za a tsara miki farasitamol da ibuprofen ko diclofenac a kan lokaci tun daga ranar aikin, ki roƙi ma'aikatan fisiyo, wato masu gashi da motsa jiki, su nuna miki inda za ki manna. In kuma kin koma gida kika ga zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko zazzaɓi, ko ɗinkin ya yi ja yana ruwa ko wari, ko jini ya ƙaru, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi na yi miki wuya, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kada ki ƙara ƙarfin na'ura ko yawan ƙwaya. Ki koma asibiti a ranar.