Hattara da mai tallan tsofaffin mujallun fim

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke yawo da hotunan tsofaffin mujallu a Facebook da WhatsApp, yana cewa kwali uku ya gada wurin mahaifinsa, wai tsohon mai sayar da jarida ne a Kano. Yana tallan mujallun finafinan Hausa, wato Fim da Tauraruwa, har da Stardust da Filmfare na Indiya, irin waɗanda yayyenmu ke yanke hotunan jarumai daga ciki su liƙa a bangon ɗaki. Ni ya cuce ni, kuma ba na so ya ƙara da wani.

Na daɗe ina neman fitowar farko-farko ta Fim, domin nawa ruwan sama ya lalata su. Na tura masa naira dubu 18 kuɗin kwafi shida, ya ce zai ba direba a tasha. Kwana tara ina bibiya. Da ƙunshin ya iso, sai ga fotokwafi an ɗinke da sabuwar waya, fari fat, wasu shafukan ma a karkace. Mujallar da ta haura shekara ashirin takardarta kan yi ja-ja, wayar tsakiya ta yi tsatsa, ga warin ajiya da hanci ba ya ɓata. Na kira, lambar a kashe.

Abin da ya fi ƙona min rai, alamar tana gabana tun farko. Cikin tallansa ya ce yana da Fim ta 1990 mai labarin fitowar Turmin Danya. Gaskiya ne a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da wannan fim a Kano, amma Ibrahim Sheme bai fara buga Fim ba sai Maris 1999. Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, wadda a cikinta sunan Kannywood ya fara bayyana, ita ma sai 1998 ta soma. Duk wanda ya nuna maka ɗayansu da shekarar da ta gaza haka, ƙarya yake.

Don Allah kada ku tura ko sisi sai ya kira ku ta bidiyo, ya buɗe shafin tsakiya da bangon baya kuna kallo. In ya ce kyamararsa ta lalace, kamar yadda ya ce min, ku rabu da shi. Ya riga ya sauya suna, amma hotunan nan dai su ne: mujallu a shimfiɗe kan jar darduma.